Sunan da Baba Yake Kiran Allah da Shi

Tun da ƙafa ta ƙi ni, yawancin yinina a kan tabarma nake yin sa, a bakin ƙofar ɗakina, nan gidan ɗana a Wudil. Daga inda nake zaune ana jin lasifika ta kowace kusurwa, ga ta masallaci, ga ta coci, ga ta mai tallar maganin basir, kowacce tana neman ta danne 'yar'uwarta. Jikokina in suka ga na yi shiru sai su ce Kaka ta fara gyangyaɗi. Ba barci nake yi ba. Wani gida nake komawa, can ƙasar Utai a gefen fadama, wanda yau ko tushen katangarsa ba za ka samu ba, an nome wurin an shuka masara. Kuma ba kewar yarinta ce kawai take mayar da ni can ba. Wani abu ne ya same ni da tsufana wanda ban taɓa zaton zai samu mutum ba. Na wayi gari ina ɗari-ɗari da sunan da zan kira Allah da shi.

Kakanmu Bamaguje ne, na ɗan riske shi. Yana da wurinsa a bayan rumbu inda yake yanka kaza in damina ta ƙarato, ba a barin yara su je. Duk da haka Allah ba ya barin bakinsa. In an yi tsawa ya ce Allah, in zai kwanta ya ce Allah ya kai mu, in jariri ya yi atishawa ya ce Allah ya raya. Abin da yake faɗa shi ne Allah yana can sama, ya yi nisa, ba a damun sa da zancen ciwon ciki ko ɓatan akuya, sai dai a bi ta hannun iskoki. 'Ya'yansa maza biyu kowa ya kama hanyarsa. Babban, wato mahaifina, ya karɓi bishara a hannun wani mai wa'azi da yake zuwa ƙauyen a keke yana wanke wa mutane gyambo. Ƙaramin ya musulunta a hannun wani malami da suke fatauci tare. Tsohon bai hana kowa ba. Ya ce dai gandu ɗaya ne, rumbu ɗaya, ranar huɗa kuma ba ya son ya ji wani ya ce masa yana da ibada. Duk yaran gidan mahaifina muke kira Baba, ƙaninsa kuma Baffa, har 'ya'yan cikinsa haka suke kiran sa. A cikinsu akwai Binta, wadda na girme ta da damina ɗaya. Tabarmarmu ɗaya ni da ita, tare muke zuwa rafi, tare muke korar tsuntsaye a gonar gero, in an yi mata duka ni nake fara kuka.

Safiyar gidan nan ita ce ba ta fita daga kunnena. Abin da ake fara ji shi ne ƙarar butar Baffa a bayan danga, sai muryarsa ƙasa-ƙasa a ɗan masallacin da ya kewaye da duwatsu a ƙofar gida. Kafin ya idar, Baba ya yi gyaran murya. Mun san ma'anarta. Iya, mahaifiyata, ta ja mayafi ta rufe kai, mu fito da magagi mu zauna a bakin ɗakinsa, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Baba ba ya ɗaga murya in yana addu'a, ba ya kuma sauya ta. Yadda yake gai da tsohonsa da safe haka yake farawa. "Ya Uba, mun tashi lafiya, mun gode." Daga nan sai ya shiga ba da labari. Ya gaya masa akuya ta haihu amma ɗayan ba ya kama nono. Ya gaya masa gero ya fara murɗe ganye, yana son ruwa. Ya gaya masa ƙaninsa zai yi tafiya, hanyar kuma ba ta da kyau. Babu abin da ya yi ƙanƙanta. Ya rufe da sunan Yesu, mu ce amin, sai taɓarya ta fara faɗawa cikin turmi a sashen su Binta, Iya ta amsa mata daga namu sashen. Wata safiya Binta, da ta saba laɓewa a jikin danga tana saurare, ta tare shi ta ce, "Baba, wai wane uban kake yi wa magana? Ga Kaka can yana barci." Ya yi dariya har da tari, ya ce mata wannan ɗin ba ya barci.

Ɗakin sujadarmu yana wata unguwa gaba da mu, ginin ƙasa da jinka, tagoginsa ramuka ne kawai. Ran Lahadi ana buga wani tsohon ƙarfen garma da aka rataye a jikin tsamiya. Mata suna kaɗa tulu da tafin hannu, babu wani kayan kiɗa bayan wannan. A nan na gane kowa yana da ƙofar da yake shiga. Mai bishara in ya tashi sai ya jero su da nauyinsu, ya Madawwamin Allah, ya Maɗaukaki, ya Mai Tsarki. Iya ba ta wuce ya Ubangiji, tana faɗa tana sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar suruki. Akwai wata makauniyar tsohuwa da ba ta taɓa cewa komai ba sai Mai Sama, sunan da ta taho da shi daga gidan ubanta, ba wanda ya ce ta sake. Wani dattijo kuwa, da can maroƙi ne, kirari yake zubawa har sai mai bishara ya yi gyaran murya. Wasu Yesu suke kira kai tsaye, ya Mai Ceto, musamman mata in ciwo ya kama yaro. In an zo addu'ar da ake yi baki ɗaya, duka mu haɗu a kan kalma guda, Ubanmu. Ban taɓa jin an tsaya ana tambayar wanne ne daidai ba. Sunan Allah kuwa a bakin kowa yake, ko tunaninsa ba a yi, kamar yadda ba ka tunanin ƙasar da kake takawa.

Ba wai babu gardama ba ne. Baba da Baffa sun yi ta, ba sau ɗaya ba, yawanci a kan akushi bayan magariba. Baffa ya ce Allah ya fi ƙarfin a jingina masa haihuwa, bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne, mutum ya san matsayinsa. Baba ya ce shi ba haihuwar jiki yake nufi ba. Ya ce shi ya tashi ana gaya masa Allah ya yi nisa, sai ga labari ya zo cewa kana iya shiga wurinsa ba tare da ka nemi iso ba, to wa ake shiga wurinsa babu iso in ba uba ba? Baffa ya ce ai su ma ba sa neman iso, goshi kawai suke sawa a ƙasa. Haka za su yi ta yi, tuwo ya huce, Iya ta aiko a tambaya ko a ɗauke kwano. Ba wanda ya taɓa kayar da wani. Su wanke hannu a ƙwarya ɗaya, gobe su kama garma ɗaya.

Shekarar da na fara iya ɗaukar babban tulu, kogi ya cika fiye da yadda aka saba. Ranar kasuwar Wudil ce. Hanyar gada zagaye ce a wurinmu, don haka mutanen gefenmu sukan yanke ta kwale-kwale. Baba ya ɗauki kwandon yalo ya fita, ya ce zai sayo min ɗankunne in kasuwa ta yi kyau. An ce jirgin ya yi lodi da yawa, a ciki kuma akwai wani maraƙi da ya firgita a tsakiyar ruwa. Wasu sun fito. Baba bai fito ba. Baffa ya bi gaɓar kogi da masunta, kwana da kwanaki, ba ya dawowa gida sai don ya sake riga. A cikin wata ciyawa suka same shi, can ƙasa. Da aka kawo shi an kore mu yara zuwa bayan gida, amma na zagaya ta jikin rumbu na leƙa. Ba a so in gani ba, na gani. Baffa ne ya fara saran kabarin da hannunsa. Da mai bishara ya buɗe Littafi, sai ya ja da baya ya tsaya a gindin wata ƙirya, ƙasa har gwiwarsa, bai tafi ba sai da aka gama.

Bayan shekara ta zagayo Iya ta yi aure a wajen Darki, a cikin 'yan'uwanta masu bin Yesu. Ni aka bar ni a gidan ubana, kamar yadda ake yi. Mutane sun ba Baffa shawara. Suka ce yarinya ta zama tasa, ya haɗa ta da Binta su riƙa zuwa makarantar allo, lada ne ya zo masa har gida. Na ji da kunnena abin da ya ce wa ɗaya daga cikinsu. Ya ce in ta girma ta zo da ƙafarta zai fi kowa murna, amma ba zai jira ɗan'uwansa ya mutu sannan ya ci gardamar da bai ci ba yana da rai. Ran Lahadi in an buga ƙarfe sai ya fito da kekensa, ya ɗora ni a baya, ya kai ni. Ba ya shiga. Ya jingine keken a jikin tsamiya ya zauna yana jan carbi har a tashi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne na daina faɗin kalmar. In aka zo addu'ar baki ɗaya sai in rufe bakina a farkon, in bari a wuce, sannan in shiga. Da safe ma, da nake yi ni kaɗai a bakin ɗakin da ya zama kango, sai in ce ya Ubangiji irin na Iya, in yi sauri in tashi. Na ɗauka asirina a rufe yake. Wata Lahadi muna dawowa, a daidai inda hanya take gangarawa fadama, Baffa ya tsayar da keke ya ce in sauko. Na zaci ƙaya ce ta huda taya. Ya zauna a kan kunya, ya nuna min gefensa.

Ya ce, "Tagar ɗakin naku ba ta da marfi, komai ina ji. Muryarki kuma ko a cikin kasuwa na san ta. Me ya sa kullum sai an fara kike shiga?"

Na shiga tsinkar ciyawa.

"Wani ya yi miki wani abu ne a can?"

Na girgiza kai. Ya jira. Baffa mutum ne mai iya jira. Can na ce masa, "In na ce Uba, fuskar Baba nake gani. Ba ta da ba. Ta ranar da kuka kawo shi."

Ya kau da kai. Da ya yi magana, ba ni yake kallo ba, fadama yake kallo.

"Ni bakina ba zai kira Allah da wannan sunan ba. A wurinmu bai halatta ba, kin sha jin muna yi da Yaya. Har gobe ina ganin ni ne da gaskiya. Amma na san mutumin nan tun ina rarrafe. In ya samu buɗe baki a cikin ruwan nan, ba ni ya kira ba, ba Iyarki ya kira ba. Wannan sunan ya kira. Gona na riƙe miki, awaki na riƙe miki. Wannan kuwa ba zan iya riƙe miki ba. In kika ajiye shi, a gidan nan babu mai ɗauka."

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Bai rarrashe ni ba, ya bar ni na gama, ya goge min fuska da bakin rigarsa muka hau keke. Ban fara a Lahadin da ta biyo ba, ba zan yi ƙarya ba. Sai da kaka ta yi, ranar da aka kai dammunan godiya ɗakin sujada, na ji kalmar ta fito tare da ta kowa. Da muka fito, a hanya Baffa ya saya min rake.

Da wannan sunan na yi aure, da shi na haihu, da shi na binne miji da 'ya'ya biyu. Binta ma aure ya kawo ta Wudil, ita a wancan hayin, ni a wannan. In Sallah ta zo kwanonta yana ƙofata kafin a sauko daga idi, in Kirsimeti ta zo nawa yana tata. In ɗanta ba shi da lafiya ta aiko a ce Yaya ta sa shi a addu'a, in nawa ne in aika mata. Ba ta taɓa tambayata da wane suna zan roƙa ba, ta riga ta sani tun tana laɓewa a jikin danga.

Yanzu cocinmu na bulo ne, da fanka da janareta. Ba na ƙin wannan, gwiwata ta huta da zaman ƙasa. Amma addu'ar ta sake. Yara suna riƙe makirufo suna zagaye, suna ihu da Turanci, suna ba da umarni kamar masu kora shanu a kara, wasu har Dadi suke ce masa, wato baba a Turance. Na ce a raina kowa da ƙofarsa, wataƙila tasu ke nan. Ban damu ba sai da abin ya shigo min gida.

Babban jikana ya gama jami'a, shi yake kaɗa musu molon zamani a coci. Yaro ne mai hankali, ba ya sha, ba ya yawo. Tun yana ƙarami nake ce masa maigida, shi kuma ya ce min amarya. Wata safiya na ja addu'ar gida kamar kullum, na fara da ya Allah Ubanmu. Da aka watse sai ya tsaya.

"Kaka, ina son mu yi magana, amma kada ranki ya ɓaci."

Na ce, "Maigida, in sakina za ka yi ka bari in sha koko tukuna."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan sunan, Allah, da kin daina sa shi a addu'a. Ba namu ba ne. Ki ce Ubangiji, ko Yahweh, ko God kawai."

Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya nuna min wani mutum a waya, da kwat, yana zufa yana magana da Turanci. Na ce masa Littafin da yake ƙarƙashin matashina, wanda na koyi karatu a cikinsa, tun daga shafin farko Allah aka rubuta. Ya ce masu fassara ne suka yi kuskure. Na ba shi labarin kakana, wanda bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, bai taɓa shiga coci ba, amma da sunan yake kwana yake tashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya faɗi abin da yake cin sa.

"Kaka, ke ba kya fita, ba ki san abin da muke gani ba. A aji ko a mota, in na ce in Allah ya yarda, sai a juyo a dube ni, a ce ina ruwan arne da Allah. Wani cewa ya yi in daina ɓata musu harshe, wai Bahaushe ba ya zama Kirista. A coci kuma baƙi su ce mu Musulmi ne da muka ɓuya. Na gaji. Tunda sun ce nasu ne, a bar musu."

Na ga ba wa'azin waya ne kaɗai yake magana ba, ciwo ne. Ban san maganinsa ba. Ubansa ya ce in rabu da shi, zamani ne. Na ci gaba da addu'ata yadda na saba, amma na lura in na ambaci sunan, amin ɗinsa ba ya fitowa. Wasan maigida da amarya ma ya mutu a tsakaninmu ba tare da kowa ya kashe shi ba.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Binta. An kai ta asibiti, aka dawo da ita gida, irin dawowar da kowa ya san ma'anarta. Autanta ne yake jinyarta, malami ne a makarantar Islamiyya, kusan sa'an jikana, tare suka yi ƙwallo suna yara in mun je yawon Sallah. Autan nan na goya shi a bayana. Har yau ba ya gaishe ni a tsaye. Ranar da na fara zuwa, na riƙe hannunta na yi mata addu'a kamar yadda na saba yi tsawon rayuwarmu. Da zan tafi autan ya ɗauki jakata ya raka ni har zaure, sai ya tsugunna.

"Inna, alfarma nake nema. Ke uwata ce, ba ni da bakin gaya miki magana. Amma Umma tana bakin tafiya. Ina so abin da zai riƙa shiga kunnenta ya zama kalmar shahada. Kiran Allah da uba a wurinmu babban abu ne, ina jin tsoro. Ki zo kullum, ki zauna da ita, ki yi mata fatan alheri. Wannan kalmar ce kawai nake roƙo ki bari."

Na nemi raini a fuskarsa don in samu abin da zan yi fushi da shi, ban samu ba. Yaro ne da uwarsa take mutuwa, yana son ta cika da kyau yadda ya yi imani. Goshinsa ma na Baffa ne sak. Na ce masa to.

Zuwana na gaba jikana ne ya kai ni, don ƙafar ta fara kumbura. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Autan yana zaune a gefen gado da carbi. Binta ta rame har zoben hannunta yana zamewa, amma hankalinta garau. Muka yi hirar da, ta tuna min ranar da muka fasa tulun Iya muka ɗora wa jaki laifi. Ta yi dariyar da ba ta da sauti. Sannan ta juyo da tafin hannunta ta ce, "Yaya, yi min addu'a."

Na rufe ido na buɗe baki. Zan ce ya Allah, na ji tsayuwar jikana a bayana. Zan ce ya Uba, na ji ƙarar carbi a gefena. Tsohuwa da ni, na tsaya ina lalube kamar wadda ta shiga ɗakin da ba nata ba. Daga ƙarshe na ce, "Ya Mahaliccinmu, wanda ya yi ni ya yi ta, ka dubi baiwarka, ka sauƙaƙa mata." Babu laifi a ciki. Sunansa ne na gaskiya, kowa a ɗakin ya ce amin, har su biyun. Da na buɗe ido na tarar tana kallona.

Ta ce, "Yau kuma wa kike yi wa magana haka kamar baƙo? Ba haka Baba yake kira ba."

Na ce, "Duk ɗaya ne, Binta."

Ta ce, "Ni dai na san ba haka ba ne." Ta lumshe ido.

Carbin ya tsaya. Autan bai ɗago kai ba. Na zauna na ɗan lokaci ina shafa mata hannu har numfashinta ya daidaita, muka fito. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi da autan in na dawo, in ba shi labarin kakansa da keke da tsamiya, in roƙe shi ya ba ni dama sau ɗaya. Washegari ƙafar ta hana ni ko taka ƙasa. Kafin ta saɓe, aka aiko Binta ta cika. An ce ta samu kalmar shahada a bakinta. Na yi masa murna, na yi mata murna, har cikin zuciyata. Amma maganar ƙarshe da 'yar'uwata ta yi min ita ce waccan, kuma babu inda zan kai ta in gyara.

Ranar sadakar uku jikana ya sake kai ni. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Na tsaya a bakin zaure ina hutar da ƙafa kafin in shiga wurin mata, don haka a gabana aka yi. Jikana ya cire takalmi ya tsugunna a gaban autan, suka yi musafaha.

Ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?"

Autan ya ce, "Haƙuri da godiya."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da yake biyo baya. Autan har ya ɗan ɗaga tafin hannunsa zai ce amin. Na ga bakin jikana ya motsa, ya rufe. Ya sake motsawa. Dattijan da suke gefe suka fara dubansa. Autan ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Jikana ya ce, "Sannu," ya tashi ya nemi takalminsa.

A adaidaita sahu muka dawo. Mun hau gada ke nan ya yi magana, bai dube ni ba.

"Kaka, na buɗe baki na rasa abin faɗa. Duk gaisuwar mutuwar da na sani, da sunan take farawa."

Da a da ne, da na ce masa ka gani ko. Amma ni da na tsaya a kan 'yar'uwata na yi lalube, ba ni da bakin da zan yi masa gori. Na dafa gwiwarsa.

Na ce, "Ba da daɗewa ba shi zai zo ya tsugunna a gabanka saboda ni. Ban sani ba ko zai ce Allah ya jiƙanta, ko Allah ya ba ku haƙuri kawai zai iya. Ko wanne ne, da sunan zai fara, kuma zai jira amsarka."

Ya ce, "To me zan ce masa?"

Na ce, "Ranar ba na nan, maigida. Kai za ka nemo."

Ya juyar da fuskarsa waje. Da muka iso gida zan sauka ya riƙe ni da hannu biyu, ya daɗe bai sake ni ba.